Bitar Hanyoyin da Linux ke Bi Wajen Karɓar Kayan Aikin Ganin Dama a Direbobin Na'urori

Duk wanda ya taɓa rubuta direba, wato manhajar da ke ba kwamfuta damar sarrafa wata na'ura, don wani cif da ake sayar wa kamfanoni daban-daban ya san cewa cif ɗin ba ya zuwa wa kowa da kaya iri ɗaya. Wani mai ƙera allo zai jona ƙafar sake tayar da cif ɗin da ɗaya daga ƙafafun GPIO na babbar na'ura, wato ƙafafun da manhaja ke iya kunnawa ko kashewa ko karanta halinsu, wani kuma zai ɗaure ta da layin wuta kai tsaye domin ƙafafunsa sun ƙare. Wani zai ba cif ɗin agogo daga waje, wani zai bar shi ya dogara da na cikinsa. Haka layin katse aiki, wanda cif ke amfani da shi wajen sanar da kwamfuta cewa yana da saƙo: a wani allon an ja shi, a wani an bar shi a rataye. Direba guda ɗaya ne kuma ake so ya yi aiki a kan dukkansu, ba tare da ya ƙi tashi don rashin abin da ba dole ba, kuma ba tare da ya kau da kai daga kuskuren gaske ba.

Abin da nake bita a nan shi ne jerin kiraye-kirayen da kanel ɗin Linux, zuciyar tsarin da ke tsakanin manhajoji da na'urori, ya tanada domin wannan buƙata, wato waɗanda sunayensu ke ɗauke da kalmar optional, irin su devm_gpiod_get_optional da devm_clk_get_optional da devm_regulator_get_optional da platform_get_irq_optional da 'yan uwansu. Na yi aiki da su a kan kanel 6.6 sannan 6.12, lokacin da nake rubuta direban wani cif mai auna ƙarfin wuta ya juya shi zuwa lambobi, wanda ake magana da shi ta layin I2C, kuma dole direban ya yi aiki a kan allo iri biyu da suka bambanta wajen haɗin waya. Hukuncina tun daga farko shi ne cewa kaya ne masu kyau da bai kamata marubucin direba ya kauce musu ba, sai dai kalma ɗaya da suka yi tarayya a kanta tana nufin abu uku mabambanta, kuma wanda ya ɗauka ma'anarta ɗaya ce zai sha wahalar da ba zai gane tushenta da wuri ba.

Kafin a fahimci amfaninsu, sai an san inda direba ke samun labarin kayan da allo ke da su. A kwamfutocin x86 ana samun wannan bayani ne daga teburan ACPI, a yawancin na'urorin ARM da RISC-V kuwa daga bishiyar na'urori, wato fayil ɗin da ke zayyana kowane cif da abin da aka jona masa. Bishiyar ta samo asali ne daga Open Firmware da aka daɗe ana amfani da shi a PowerPC da SPARC, kuma ɓangaren ARM na Linux ya rungume ta daga shekarar 2011, bayan da fayilolin da ake rubuta wa kowane allo nasa suka yi yawan da ya gagari kulawa. Kalmar devm da ke farkon sunayen kuwa ta fito ne daga tsarin da Tejun Heo ya shigar a 2007, wanda ke sa kanel ya saki kayan da kansa idan direba ya gaza tashi ko aka cire shi. Saboda haka idan direba ya nemi ƙafar GPIO mai suna reset, kanel zai duba bishiyar ya ga ko an rubuta reset-gpios a ƙarƙashin wannan cif, kuma amsar da zai iya bayarwa ba biyu ba ce, uku ce: ga shi, ko babu shi a wannan allon, ko akwai shi amma an samu matsala wajen miƙa shi. Dukan darajar waɗannan kiraye-kiraye tana cikin raba amsa ta biyu da ta uku.

Na fara da GPIO domin nan ne aikin ya fi tsabta. Idan ba a ambaci ƙafar a bishiya ba, devm_gpiod_get_optional yana mayar da NULL, wato manuni (adireshin da ke nuna inda abu yake a ma'adanar kwamfuta) marar komai, kuma wannan ba kuskure ba ne. Idan an ambace ta amma wani direba ya riga ya riƙe ta, ko lambarta ba ta inganta ba, sai ya mayar da kuskure, wanda IS_ERR ke kamawa. Abin da ya fi burge ni shi ne sauran kiraye-kirayen GPIO an gina su ne su karɓi NULL cikin natsuwa: idan ka kira gpiod_set_value_cansleep a kan ƙafar da babu, ba abin da zai faru, kuma ba abin da zai lalace. Sakamakon haka jerin matakan tayar da cif, wato danne layin sake tayarwa, jira na ɗan lokaci, sannan a sake shi, ana rubuta su sau ɗaya a miƙe, ba tare da an tsaya a kowane layi ana tambayar ko ƙafar tana nan ba. Direban allon taɓawa na edt-ft5x06 da ke cikin kanel misali ne da mai koyo zai iya dubawa, domin ta wannan hanyar yake neman ƙafafunsa na reset da wake. A nawa direban, matakin probe, wato inda direba ke neman kayansa ya tayar da cif, ya ragu sosai bayan na koma wannan salo, kuma abin da ya rage ana iya karanta shi daga sama zuwa ƙasa kamar yadda takardar bayanin cif ɗin ta jera matakan.

Amma ko a nan akwai inda ake buƙatar lura. Rubutu a kan ƙafar da babu ba shi da illa, karatu daga gare ta kuwa yana mayar da sifiri, kuma sifiri amsa ce mai ma'ana. Idan ƙafar ta sanar da cewa cif ya gama aiki ce, direban da bai duba NULL ba zai yi ta jiran alamar da ba za ta taɓa zuwa ba, ko kuma ya ɗauka cif ya shirya alhali bai shirya ba, gwargwadon yadda aka fassara alamar. Haka kuma rashin layin sake tayarwa ba ya nufin cif ba ya buƙatar a sake tayar da shi. Sau da yawa yana nufin sai an aika masa umarnin yin hakan ta cikin rajistarsa, wato gurbin da ke cikin cif inda ake rubuta masa umarni da saiti. Wannan hukunci ne da kanel ba zai iya yanke wa direba ba, kuma ban ɗauke shi a matsayin aibin tsarin ba, illa dai sauƙin da NULL ke kawowa yana iya sa mutum ya manta cewa akwai hukuncin da ya rage a wuyansa.

Babbar fa'idar da ta sa nake ganin waɗannan kiraye-kiraye sun cancanci yabo tana da alaƙa da tsarin jinkirta tayar da direba, wanda Grant Likely ya rubuta aka shigar a kanel 3.4 a shekarar 2012. Kanel ba ya yi wa direbobi alƙawarin wane zai riga wane tashi. Yana yiwuwa direban cif ɗinka ya tashi kafin direban da ke kula da ƙafafun GPIO ko agogon da yake buƙata, musamman idan ɗayansu an gina shi a matsayin modul da ake lodawa daga baya. A irin wannan hali kanel yana mayar da kuskure na musamman mai suna EPROBE_DEFER, mai lamba 517, wanda ma'anarsa ita ce abin yana nan tafe, a dakata a sake gwadawa. Tsohon salon da ake gani a direbobi da yawa, musamman waɗanda masu sayar da cif ke rabawa a wajen babban kanel, shi ne a nemi kayan da kiran dole, in ya dawo da kowane irin kuskure sai a ce ai dama ba farilla ba ne, a ci gaba. Wannan salo yana haɗiye saƙon dakatarwa tare da sauran kurakurai, don haka na'urar takan yi aiki yau ta ƙi gobe, gwargwadon wanda ya riga tashi, kuma irin wannan matsala tana cikin mafi wuyar kamawa domin ba ta maimaita kanta a lokacin da ake nemanta. Kiran optional yana toshe wannan ƙofa, domin rashin ambato a bishiya kaɗai yake mayarwa NULL, saƙon dakatarwa kuwa yana barinsa ya wuce zuwa ga direba. Idan aka haɗa shi da dev_err_probe, wanda ya shigo a kanel 5.9 a 2020, layi uku sun wadatar: kuskuren gaske zai fito a dmesg, wato jerin saƙonnin da kanel ke rubutawa, na dakatarwa ba zai cika shi da hayaniya ba, kuma dalilin dakatarwar zai bayyana a fayil ɗin devices_deferred da ke cikin debugfs, inda kanel ke ajiye bayanan binciken matsala. Na dogara da wannan fayil fiye da sau ɗaya, kuma a ganina yana cikin abubuwa mafi amfani da aka ƙara wa masu gyaran direbobi.

Agogo yana bin sawun GPIO. An ƙara clk_get_optional a kanel 5.1 a 2019, yana mayar da NULL idan ba a ambaci agogon ba, kuma clk_prepare_enable yana karɓar NULL ya ce an yi nasara. Daga kanel 6.0 aka samu devm_clk_get_optional_enabled, wanda ke neman agogon, ya kunna shi, ya kuma ɗauki nauyin kashe shi idan direba ya sauka, abin da ya kawar da wani rukunin mantuwa da aka saba gani a hanyoyin fita bayan kuskure. Tarkon da ke nan shi ne clk_get_rate yana mayar da sifiri idan agogon babu, kuma direbobi da dama suna raba wata lamba da saurin agogo domin lissafin gudun saƙo, raba lamba da sifiri a cikin kanel kuwa ba ƙaramin haɗari ba ne. Direban mcp251x, na cif ɗin MCP2515 mai magana da layin CAN, ya nuna yadda ya kamata a yi: yana neman agogon a matsayin na ganin dama, in saurin ya fito sifiri sai ya karanta clock-frequency daga bayanin na'urar, sannan ya ƙi tashi idan adadin bai faɗa tsakanin megahaz 1 da megahaz 25 ba. Layukan sake tayarwa na cikin babban cif, ta hanyar devm_reset_control_get_optional_exclusive da takwaransa na tarayya, da kuma devm_phy_optional_get, duk wannan ƙa'idar suke bi ta NULL da ake karɓa shiru, kuma ba ni da abin da zan ƙara a kansu sai cewa sun yi abin da sunansu ya ce.

Da zarar an zo kan mai daidaita wuta (regulator), wato abin da ke ba cif wutar da yake buƙata, sai labarin ya juya, kuma nan ne na fi daɗewa kafin in gamsu. Mutumin da ya saba da GPIO da agogo zai ɗauka devm_regulator_get_optional ma NULL zai mayar, amma kama da wane ba ta wane: abin da yake mayarwa idan babu layin wutar shi ne kuskuren ENODEV. Abin da ya fi ban mamaki, kiran da ba shi da kalmar optional shi ne mai sauƙin kai, domin a na'urorin da ke da bishiya ko ACPI, idan ka nemi layin wutar da ba a ambata ba da devm_regulator_get, kanel zai ba ka wani mai daidaita wuta na wucin gadi wanda ke amsa kunnawa da kashewa ba tare da ya taɓa komai ba, ya kuma rubuta gargaɗi a dmesg cewa bai sami layin ba. Wato a wannan ɓangare kiran dole ne yake yin abin da kiran ganin dama ke yi a ɓangaren agogo.

Da farko na ɗauki wannan a matsayin rashin tsari tsagwaronsa, daga baya na ga akwai hujja mai ƙarfi a bayansa. Babu cif ɗin da ke aiki ba wuta. Idan bishiya ba ta ambaci babban layin wutar cif ba, ba ya nufin babu wutar, yana nufin an jona ta kai tsaye kuma ba mai iya kashe ta, don haka mai daidaitawa na wucin gadi shi ne ainihin hoton gaskiya. Akwai kuma wani nau'in layi da zai iya kasancewa babu shi ɗungurungum, kuma rashinsa yana canza yadda za a saita cif ɗin. Nawa cif ɗin misali ne: yana iya auna wuta da ma'aunin da ke cikinsa, ko da wanda aka kawo masa daga waje ta ƙafar vref, kuma dole direba ya san wanne ne domin ya rubuta zaɓin a rajista ya kuma yi lissafin da ya dace. A nan shiru ba zai yi amfani ba, direba yana buƙatar a gaya masa ƙarara cewa babu. Haka abin yake a katin SD, inda layin vqmmc ke ba da damar sauke wutar sigina daga volt 3.3 zuwa 1.8 domin gudun UHS-I, kuma sashen MMC na kanel yana nemansa ne da kiran optional, tunda samuwarsa ko rashinsa na shafar abin da mai kula da katin zai iya yi. Tunanin daidai ne. Sunan ne bai taimaka ba, kuma suna linzami ne: yana jan mai rubutu zuwa ga amfani da kiran optional ga babban layin wuta don kawai ya kawar da gargaɗin da ke dmesg, daga nan sai direban ya cika da tambayoyin ko akwai ko babu a duk inda ake kunna wuta, abin da aka ƙirƙiri na wucin gadin domin a guje masa. Ga masu irin buƙatata, sababbin kanel sun kawo devm_regulator_get_enable_read_voltage, wanda ke nema ya kunna ya kuma faɗi adadin wutar a kira ɗaya, kuma ya rage mini aiki ƙwarai lokacin da na koma 6.12.

Ma'ana ta uku tana wajen layin katse aiki, kuma a ganina ita ce mafi rauni a cikin jerin. A kanel 5.4 na 2019 aka sa platform_get_irq ya riƙa rubuta saƙon kuskure da kansa idan bai sami layin ba, domin a cire irin wannan saƙo da ɗaruruwan direbobi ke maimaitawa. Wannan ya dami direbobin da ke iya aiki ba tare da layin ba, ta hanyar leƙa cif lokaci-lokaci, tunda yanzu dmesg zai nuna kuskure alhali komai lafiya. Sai aka ƙara platform_get_irq_optional, wanda babban bambancinsa da na asali shi ne ba ya rubuta saƙon. Idan babu layin, kuskure yake mayarwa, galibi ENXIO, ba sifiri ba, duk da cewa Linux yana ɗaukar lambar katsewa ta sifiri a matsayin marar inganci, wadda da za ta dace da matsayin NULL. An taɓa gwada sauya shi ya riƙa mayar da sifiri, aka janye sauyin, domin direbobin da suka riga suka dogara da halinsa na yanzu suna da yawa. Na fahimci dalilin, amma sakamakon shi ne marubucin direba sai ya riƙe a ransa cewa babu tana zuwa da fuskoki daban-daban: NULL a GPIO da agogo, ENODEV a wuta, ENXIO a katsewa, sannan a tashoshin DMA, masu kwashe bayanai ba tare da sa hannun babbar na'ura ba, inda dma_request_chan ke mayar da ENODEV, direba ne da kansa zai yanke shawarar komawa kwashe bayanai da hannun babbar na'ura. A layin I2C da SPI ma salon daban ne, domin lambar katsewar tana zuwa ne a cikin bayanin na'urar, kuma a can sifiri ne ke nufin babu.

Wannan bambanci ba na ado ba ne, yana haifar da kurakurai na gaske. Linux yana ɓoye lambar kuskure a cikin manuni ta hanyar amfani da adireshi 4095 na ƙarshe, waɗanda ba a taɓa ba wa wani abu na gaske, kuma NULL ba ya cikinsu. Wanda ya rikice tsakanin salon biyu yakan ɗauko IS_ERR_OR_NULL don ya kama duka, sannan ya mayar da PTR_ERR na abin da ya samu, wato lambar kuskuren da aka ciro daga manunin. Idan abin NULL ne, PTR_ERR zai ba da sifiri, sifiri kuwa a wajen probe nasara ce, don haka kanel zai ɗauka direba ya tashi lafiya alhali ya tsaya a tsakiyar hanya, kuma ɓarnar ba za ta bayyana ba sai an zo amfani da na'urar. Manhajar binciken lamba, wato rubutun shirin kwamfuta, mai suna Smatch, wadda Dan Carpenter ya rubuta, tana kama wannan kuskure, kuma ina ba duk mai rubuta direba shawarar ya gudanar da ita kafin ya amince da aikinsa. Sai dai kasancewar ana buƙatar manhaja ta daban domin gano shi shaida ce cewa harshen C ba shi da hanyar bambanta waɗannan amsoshi uku a cikin nau'in abin da kira ke mayarwa.

Akwai wani aibi da ya fi waɗannan zurfi, kuma ba laifin kowane kira ba ne shi kaɗai, yana cikin asalin tunanin. Kanel ba ya ganin allo, bishiya kawai yake gani, don haka ba zai iya bambanta ƙafar da ba a jona ba da ƙafar da aka jona amma aka yi kuskuren rubuta sunanta ba. Wannan ya same ni a kan allo na biyu. Fayil ɗin bishiyar da ya zo tare da allon ya rubuta sunan ƙafar sake tayarwa da harafi ɗaya a ɓace, direba ya nemi ƙafar ya samu NULL, ya ci gaba kamar yadda aka tsara shi, ita kuwa ƙafar ta gaske tana nan ba mai riƙe da ita, cif ɗin yana danne bai tashi ba. Abin da ya fito a dmesg shi ne cif bai amsa ba a layin I2C, kuma wannan saƙo ya tura ni binciken waya da adireshi da ƙarfin wuta na tsawon kwana biyu, har sai da na auna ƙafar da kaina na ga ba ta motsi a lokacin tashi. Da kiran dole na yi amfani da shi, da a daƙiƙar farko an gaya mini ba a sami ƙafar ba. Wannan shi ne kuɗin da ake biya a kan sauƙin, kuma ya kamata wanda zai yi amfani da kiran ya san yana biyansa.

Maganin yana nan, sai dai yana wajen direba. Tun kanel 5.0 ake rubuta ƙa'idodin bishiya da YAML, aikin da Rob Herring ya jagoranta, inda kowane cif ke da fayil da ke lissafa abin da ya zama dole a ambata da abin da aka yarda a ambata, kuma umarnin make dtbs_check yana gwada bishiya da waɗannan ƙa'idodi. Idan ƙa'idar ta hana duk wani suna da ba ta sani ba, sunan da aka rubuta ba daidai ba zai fito nan take. Bayan abin da ya faru na rubuta wa cif ɗina wannan fayil, na gwada tsohuwar bishiyar, kuma gwajin ya nuna layin da ke da matsalar kai tsaye. Ra'ayina shi ne ba a kammala amfani da kiran optional ba sai an rubuta ƙa'idar da ke tsare shi, kuma ina ganin takardun kanel ba su jaddada wannan dangantaka yadda ta cancanta ba. Na kuma koyi ƙara saƙon dev_dbg guda ɗaya da ke faɗin hanyar da direba ya zaɓa, ko ma'aunin ciki ko na waje, ko katsewa ko leƙe, domin wanda zai zo bincike bayana ya sami abin kamawa.

Idan aka kwatanta da sauran tsare-tsaren aiki, za a ga kowanne ya zaɓi inda zai ajiye nauyin. A Windows, direban da aka gina kan WDF yana karɓar jerin kayan da aka ware masa a matakin EvtDevicePrepareHardware, shi zai bi jerin ya ga abin da ke ciki da abin da babu. FreeBSD yana da alamar RF_OPTIONAL da ake sa wa kaya a teburin da ake miƙa wa bus_alloc_resources, salon da nake ganin ya fi saurin karantuwa domin dole da ganin dama suna jere a wuri guda. Zephyr, wanda ake yi wa ƙananan na'urori, yana warware batun tun lokacin harhaɗa lamba, da kayan aiki irin su DT_NODE_HAS_PROP da GPIO_DT_SPEC_GET_OR, har ana iya cire lambar da ke kula da ƙafar da babu daga abin da za a loda gaba ɗaya. Linux ba zai iya bin hanyar Zephyr ba, domin kanel guda ake so ya tashi a kan alluna masu yawa da bai san su ba sai lokacin tashi, kuma idan aka yi la'akari da wannan nauyi da na rashin tabbacin wanda zai riga tashi, abin da ya samar ya fi ƙarfin a raina shi.

Game da takardun bayani, na GPIO sun yi kyau, sun faɗi batun NULL a fili a jagorar masu amfani da ƙafafu. Na sauran sassan kuwa suna warwatse a bayanan da ke saman kowane kira a cikin lambar kanel, kuma ban ci karo da shafi ɗaya da ya jera su gefe da gefe ya nuna inda suka saɓa ba, alhali shafi ɗaya irin wannan zai ceci sababbin shiga daga yawancin abin da na lissafa. Har yanzu hanyar da ta fi tabbas ita ce buɗe lambar kiran a cikin kanel ɗin da kake aiki da shi ka karanta abin da yake mayarwa, tunda Linux ba ya alƙawarin cewa kiraye-kirayen cikin kanel za su zauna yadda suke daga fitowa zuwa fitowa, kuma direban da aka kwaso daga sabon kanel zuwa tsoho zai iya tarar da kiran babu shi sam.

Shigowar harshen Rust cikin kanel tun 6.1, a ƙarshen 2022, ta buɗe wata hanya ga wannan matsala, domin a Rust ana iya bayyana amsa uku a cikin nau'in abin da aka mayar, ta hanyar sa Option a cikin Result, kuma mai harhaɗa lamba ba zai bari a taɓa abin da ke ciki ba sai an faɗi abin da za a yi idan babu shi. Wannan zai iya kawar da ruɗanin NULL da lambar kuskure a sababbin direbobi, amma ba zai gano harafin da ya ɓace a bishiya ba, kuma dubban direbobin C da ke akwai za su daɗe tare da mu. Ga wanda zai rubuta ɗaya daga cikinsu yau, zan ce ya ɗauki kiran optional na GPIO da agogo da layin sake tayarwa ba tare da jinkiri ba matuƙar takardar cif ɗin ta nuna ana iya barin ƙafar, ya bar babban layin wuta a kan kiran dole, ya ajiye na optional ga layin da rashinsa ke canza saitin cif, sannan a wajen katsewa ya gwada lambar kuskuren da idonsa, ya ware ENXIO kaɗai a matsayin babu, ya mayar da duk saura ga kanel.